Galahanga: abin da masana suka gano, da abin da ake tallatawa a bakin ƙofar taro

Tambaya biyu iyayen yaro mai galahanga suke zuwa da su duk inda aka ce likitoci sun taru: me ya jawo wannan abu, kuma ina maganinsa? A ta farko kimiyya ta yi nisa ƙwarai cikin shekara 50 da suka wuce. A ta biyu kuwa har yau ba ta da wata ƙwaya ko allura da za ta miƙa ta ce ga waraka. Tsakanin waɗannan amsoshi biyu ne ake cin kasuwa da iyaye, kuma na ga haka da idona a wani taron likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da aka yi a Abuja kan binciken asalin wannan lalura, wadda su likitocin suke kira otizim. A cikin zaure ana magana da taka-tsantsan, kowace jimla da "mai yiwuwa" a jikinta. A baranda kuwa, inda aka jera tebura, babu mai shakkar komai.

Sai an koma baya kaɗan za a gane darajar abin da aka faɗa a zauren. A 1943 wani likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 da ya lura ba sa cuɗanya da mutane, maganarsu ta sha bamban, kuma ba sa jure a sauya musu abin da suka saba. Ba a daɗe ba aka samo wanda za a ɗora wa laifi, wato uwa. Aka ce sanyin zuciyarta da rashin jan ɗa a jiki ne suka sa ya rufe kansa. Wani masanin halayyar yara a Amurka, Bruno Bettelheim, ya yaɗa wannan ra'ayi a shekarun 1960, mata da dama suka tsufa da wannan tabo a ransu. Mu ma nan ba mu tsira ba, sai dai namu zargin da tufafin gida yake zuwa: ta yi wanka da magariba tana da ciki, ta zuba ruwan zafi ba bisimilla, a danginsu ne, ko kuwa kishiya ce ta yi aiki.

Tagwaye ne suka fara wanke iyaye mata. A 1977 wasu likitoci masu bincike, Susan Folstein da Michael Rutter, suka bi tagwaye kashi 21 a Ingila, waɗanda aƙalla ɗaya a kowane kashi yana da galahanga. A cikin kashi 11 da suka fito daga ƙwai ɗaya, an samu 4 da Hassan da Husaini duk suna da ita. A cikin kashi 10 da kowa da ƙwansa, ba a samu ko ɗaya ba. Uwa ɗaya, nono ɗaya, ɗaki ɗaya, amma sakamakon ya bi kusancin gado, bai bi reno ba. Binciken ƙarami ne, sai dai waɗanda suka biyo baya sun ƙarfafa shi. A 2019 aka haɗa bayanan yara kusan miliyan 2 daga Denmak, Finlan, Siwidin, Isra'ila da yammacin Ostireliya, aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen samun wannan lalura daga gado yake.

Wannan kashi 80 shi ne adadin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ya nufin in uba yana da ita, 'ya'yansa 8 cikin 10 za su samu. Magana ce ta al'umma gaba ɗaya, ba hukunci kan gida ɗaya ba. Adadin da ya fi amfani ga mai iyali shi ne na ƙanne: binciken da ya bi jariran da ke da yaya mai galahanga ya nuna kusan 1 cikin 5 ne ke samun ta. Ya fi na sauran yara nesa ba kusa ba, amma 4 cikin 5 lafiyarsu lau ta wannan fuska.

Mafi yawan lokacin taron a kan ƙwayoyin gado ya tafi, kuma nan ne labarin ya fi sarƙaƙiya. Babu wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ita ce. Wani babban bincike na 2020, wanda ya duba samfurin mutum sama da 35,000, ya lissafa guda 102 masu alaƙa mai ƙarfi da lalurar, kuma jerin bai daina tsawo ba. Sunayensu kamar lambar mota, SHANK3, CHD8, SCN2A. Akasarinsu aikinsu ɗaya ne cikin biyu: ko dai kula da mahaɗar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo, ko kuma kunna wasu ƙwayoyin gadon da kashe su lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi take ginuwa. Ko mafi yawa a cikinsu ba ta bayyana fiye da ɗan ƙanƙanin kaso na yaran ba. Ga mafi yawan masu galahanga kuwa, ba wani babban sauyi guda ba ne, tarin ƙananan bambance-bambance ne, dubbai, waɗanda kowannenmu yana ɗauke da nasa rabon. Wani ya sami kaɗan, wani suka taru masa. Shi ya sa za ka je gidan yaron ka tarar da kawunsa wanda ba ya son taro, ba ya kallon ido, amma ya san lissafin shago a ka. Kusan kamar zazzaɓi ne: jiki ya yi zafi, amma na wani maleriya ce, na wani taifot, na wani haƙori. Alama iri ɗaya, hanyoyin da aka bi aka iso daban.

Akwai kuma sauyin da ba a gada daga kowa ba. Kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye kusan 60 a ƙwayoyin gadonsa waɗanda babu su a jinin uwa ko uba, sun faru ne a cikin maniyyi ko ƙwai. Masu bincike a Ayislan sun nuna a 2012 cewa mafi yawansu daga wajen uba suke, kuma kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara kusan biyu. Yawancinsu ba sa yin komai. Amma wani lokaci ɗaya yakan faɗa kan muhimmin wuri. Da aka zo nan na ga wasu manya a layin gaba sun gyara zama. A garin da mai shekara 60 yake auro 'yar 20, in aka haifi yaron da ba ya magana, amarya da danginta ake kallo. Ba cewa ake dattawa su daina haihuwa ba, don haɗarin ga mutum ɗaya ɗan kaɗan ne, kuma shekarun uwa ma suna da nasu tasirin. Amma adalci ya sa a san cewa ba ta gefe ɗaya ruwan yake gangarowa ba.

Auren zumunci ma ya shigo. A 2008 rukunin masu bincike na Christopher Walsh a Boston ta Amurka ya yi nazarin iyalai daga Gabas ta Tsakiya, Turkiyya da Pakistan, inda akasarin iyayen 'yan wa da ƙani ne, suka gano wasu sauye-sauyen da ba sa bayyana sai yaro ya gaje su ta ɓangaren uwa da na uba a tare. Wannan bai zama hujjar cewa auren zumunci ne ke kawo galahanga ba. Abin da ya tabbata shi ne yana ƙara yiwuwar irin waɗannan ɓoyayyun lalurori su fito, musamman a dangin da aka daɗe ana auratayya. Wani malamin makaranta ya tambaya ko akwai gwajin jini kafin aure irin na sikila. Babu. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce da lissafinta a fili. Nan kuwa ko a ƙasashen da suke da kayan aiki, gwajin gado yana gano takamaiman dalili ne ga tsirarun yara, ya fi yawa ga masu jinkirin fahimta ko farfaɗiya, kuma bayan an riga an gane lalurar ake yinsa. Har gobe da ido da kunne ake gane galahanga: a zauna da yaro, a kalli wasansa, a saurari iyaye. Duk wanda ya ce maka zai gano ta da gashin kai, ko fitsari, ko wata na'urar da ake riƙewa a tafin hannu, aljihunka yake aunawa.

To yaushe abin yake farawa? Alamu da yawa suna nuni da zaman ciki. A 2014 aka duba ƙwaƙwalwar yara 11 masu galahanga da suka rasu, aka tarar a cikin 10 akwai wuraren da shimfiɗun ɓawon ƙwaƙwalwa ba su jeru daidai ba, kuma waɗannan shimfiɗu tun kafin haihuwa ake gina su. Abubuwan da ba na gado ba da aka fi tabbatarwa su ma can suke komawa: haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da ta hana jariri iska, cutar rubela ga mai ciki, da maganin farfaɗiya mai suna balfurowet idan aka sha da ciki.

Wannan yana da wuyar karɓa ga uwar da ta ga ɗanta yana cewa "Mama" da "ruwa", yana miƙo hannu a ɗauke shi, sannan wajen shekara ɗaya da rabi ya yi shiru. Ba ƙarya take yi ba. Wani kaso na yaran, wajen 1 cikin 4 ko 5, haka suke yi, su samu kalmomi sannan su rasa. Matsalar ita ce shekarun da abin ke fitowa cike suke da abubuwan da za a iya zarga. Lokacin yaye ne, an kai shi wajen kaka. Wataƙila uwar ta sami wani cikin, sai a ce ya sha nonon ciki. Ya yi zazzaɓi mai zafi, ko an yi masa allurar rigakafi. Duk wanda ya zo daf da shirun, shi ake kamawa.

Maganar rigakafi tana da asali sananne. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto kan yara 12 a mujallar Lancet yana danganta allurar ƙyanda mai haɗe da wasu biyu da galahanga. Daga baya aka gano an murɗe bayanan kuma yana karɓar kuɗi daga lauyoyin da ke shirin ƙarar masu yin allurar. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka soke lasisinsa. A 2019 Denmak ta fitar da sakamakon bin yara sama da 650,000, ba a ga ƙarin galahanga ga waɗanda aka yi wa allurar ba, har da masu yaya mai lalurar. Ba na raina shakkar mutanenmu. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 da gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau ya san daga ina ƙauracewa allurar shan inna ta 2003 ta samo ƙarfi. Amma wanda maciji ya sara yana gudun igiya, ita kuwa igiyar ba ta da dafi. Kuma tun a shekarun 1970 wani mai bincike, Victor Lotter, ya zagaya ƙasashen Afirka, har da Najeriya, ya tarar da yara masu galahanga, lokacin da allurar da ake zargi ba ta cikin jadawalin asibitocin gwamnatinmu ma.

Sabon zargin na farasitamol ne. A Satumban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya fito ya gargaɗi masu ciki a kan shansa, saƙon kuma ya iso wayoyin matan Kubwa da Nyanya kafin gari ya waye. Gaskiya ne wasu bincike sun ga alaƙa. Amma mace ba ta shan magani haka kawai, tana sha ne don zazzaɓi ko ciwo, su ma kuma abin zargi ne. Binciken Siwidin na 2024 kan yara kusan miliyan 2 da rabi ya kwatanta 'yan ciki ɗaya, wanda aka sha maganin da cikinsa da wanda ba a sha ba, sai alaƙar ta ɓace. A ƙasar da maleriya take kama masu ciki, barin jiki ya yi ta gashi don tsoron farasitamol ba wayo ba ne.

Batun da ake yi cewa masu galahanga sai ƙaruwa suke yi ba sai an daɗe a kansa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga yaro 1 cikin 150 a 2000, ta ƙirga 1 cikin 31 a 2022. Ma'anar lalurar ce aka faɗaɗa a 1994, aka sake haɗe rassanta wuri ɗaya a 2013, aka kuma ƙara neman yaran. A Denmak an lissafa cewa kashi 60 cikin 100 na ƙarin daga sauyin yadda ake ganowa da rubutawa ya fito.

Bayan azahar aka ba da damar tambaya, wata mata daga Mararaba ta karɓi makirfo. Ta ce ɗanta shekararsa shida. Kullum da safe sai ya jera marafen kwalabe daga bakin ƙofa zuwa gindin randa, in aka gusar da ɗaya sai ya yi ta buga kansa da bango. Da maƙwabci ya tayar da janareto zai toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Ba ya cin komai sai busasshen burodi da taliya ba miya. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, uwar mijinta ta kai shi ƙauye wata biyu. Ta ɗaga wata takarda mai sheƙi da aka ba ta a baranda.

"Likita, don Allah ka faɗa min gaskiya. Sun ce gubar ƙarfe ce a jininsa da tsutsar hanji, in na biya za su wanke. Fili gare ni a gida, in sayar?"

Likitan ya ɗan yi shiru, ya ce, "Hajiya, kada ki sayar. An taɓa gwada jinsa? Yana yin wani ƙifta ido ko ya sandare kamar ba ya nan? Yana barci? Yana fita bayan gida ba wahala? Mu fara da waɗannan."

Na ga ba haka ta so ji ba. Amma amsar da ya bayar ita ce wadda hujja take goyon baya, kuma tarihin wannan fage cike yake da magungunan da aka yi wa guɗa sannan aka binne. A 1998 sikiritin ne, wani sinadarin narkar da abinci da hanji ke fitarwa, iyaye a Amurka suka yi ta rububinsa, gwaje-gwaje fiye da goma suka nuna bai fi ruwan gishirin da ake ba wasu yaran a madadinsa don kwatantawa ba. Sai oksitosin, wani sinadarin jiki da ake dangantawa da shaƙuwa, wanda ake shaƙa ta hanci: a 2021 aka gwada kan yara 290 na tsawon mako 24, babu bambanci. Jami'ar Duke ta Amurka ta gwada ƙarin jinin cibiya kan yara 180, a 2020 ta ce bai cimma abin da aka auna ba, amma har yanzu ana tura iyaye ƙasashen waje da miliyoyi don irin wannan dashe. Wankin ƙarfe daga jini, wanda aka yi wa matar nan tallarsa, ya kashe yaro ɗan shekara biyar a jihar Fensilbeniya ta Amurka a 2005. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji kuwa, gaskiya ne na waɗannan yara sukan bambanta, amma binciken Ostireliya na 2021 kan yara 247 ya nuna kibiyar ta fi karkata ta ɗaya gefen: yaro mai tsananin zaɓen abinci ne hanjinsa ke sauyawa. Wanda ke rayuwa a kan burodi da taliya dole cikinsa ya nuna.

Me ya sa to iyaye suke rantsuwa sun ga sauyi? Saboda yaro yana girma ko an ba shi magani ko ba a ba shi ba. Saboda an fi neman magani a makon da abin ya ƙazanta, kuma bayan mummunan mako sau da yawa sauƙi ne ke biyowa. Saboda wanda ya sayar da fili yana buƙatar ya ga amfanin kuɗinsa. A gwaje-gwajen da aka yi, iyayen da 'ya'yansu suka karɓi ruwan gishiri su ma sun ba da rahoton ci gaba.

Magungunan da aka amince da su a Amurka, risfaridon a 2006 da arifirazol a 2009, na rage tsananin fushi da cutar da kai ne, ba sa koya wa yaro magana, kuma suna sa ƙiba da kasala. Abin da ya fi nuna amfani ba shi da ƙyalli. A Ingila an koya wa iyaye, ta hanyar ɗaukar bidiyon wasansu da 'ya'yansu, yadda za su lura da ɗan ƙaramin yunƙurin yaro na isar da saƙo su amsa masa, maimakon su yi ta ba shi umarni. An fara da yara 152, kuma rahoton 2016 ya nuna amfanin bai gushe ba bayan kusan shekara shida. An sauƙaƙa tsarin aka gwada a Gowa ta Indiya da Rawalfindi ta Pakistan ta hannun ma'aikatan da ba ƙwararru ba, ya karɓu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu reno irin wannan, an gwada shi a Habasha da Kenya. Wannan ne ya kamata ma'aikatar lafiya ta ɗora wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da Hausa, domin masu koyar da magana 'yan ƙalilan ne, kuma kuɗin cibiyoyin Maitama da Wuse ba na mai albashin gwamnati ba ne. Addu'a da tofi ba sa karo da wannan. Duka, ɗauri da mari, da shaƙa wa yaro hayaƙi su ne abin ƙi.

A wani gefe, manya masu galahanga a Turai da Amurka da yawa ba sa son jin maganar waraka kwata-kwata, suna cewa haka aka halicce su, a gyara makaranta da wurin aiki. A 2021 ƙorafinsu ya sa aka dakatar da wani babban aikin tattara ƙwayoyin gado a Birtaniya. Suna da hujja, haka ma uwar da ɗanta ke fasa goshinsa da bango tana da tata. Suna ɗaya ne ya rufe su duka.

Abin da ya fi damuna a taron shi ne kusan kowane adadi da aka haska a bango na 'ya'yan wasu ne. A 2019 an lissafa cewa kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kusan kashi 2, alhali nan ne bambancin gadon ɗan Adam ya fi yawa. Najeriya ba ta da ƙidayar ƙasa kan galahanga. Abin da ake da shi na asibitoci ne, irin aikin likitan ƙwaƙwalwa Muideen Bakare a Inugu kan ƙarancin sanin lalurar a tsakanin ma'aikatan lafiya, da rahotannin da ke nuna yaranmu sukan iso asibiti a makare, akasari waɗanda ba sa magana. Tambayoyin da suka fi shafarmu ba za a amsa su a Boston ba: shawarar jarirai da ake shanyawa a rana har ta taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda a gida, maleriyar da ke hawa ka, da auratayyar dangi. Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada suna ganin waɗannan yara kowane mako, kuma rajista ɗaya mai tsari, wadda ake bin yaro shekara da shekaru, za ta fi takardu goma da aka karanto daga waje amfani.

Kafin a kai can, akwai waɗanda ba sa jiran wani sabon bincike. Allurar ƙyanda haɗe da rubela ta shigo Najeriya a Oktoban 2025, kuma yarinyar da aka yi wa yau an kare cikin da za ta ɗauka nan da shekara 15. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake cikawa ga yaro ɗan wata 16 zuwa 30, ba ta cin fiye da 'yan mintoci a layin awo. Sai balfurowet, wanda ake iya saya a kemis da dama ba tare da an tambayi mace ko tana shirin haihuwa ba. Mai farfaɗiyar da ke shansa kada ta daina da kanta, domin faɗuwa da ciki ta fi haɗari. Ta je wajen likitanta tun kafin ta ɗauki cikin, a duba ko za a sauya mata wani.